Finjalin Yunus da Rijiyar Suwailim

Yanik ya ajiye finjalin gahawa a ƙasa bai sha ba, a tantin Suwailim, ranar suna, maza talatin suna kallo. Miflih ne ya zo da shi, don haka a kan Miflih abin ya faɗa.

Yanik Bajamushe ne, shekararsa goma sha tara. A ƙasarsu yaro in ya gama sakandare sai ya ce ya gaji, ya saɓa jaka ya yi shekara yana yawon duniya kafin ya shiga jami'a. Ya zo Wadi Ram, cikin hamadar Larabawa, kallon duwatsu na sati biyu, ya ga awakin Miflih, ya ce yana son koyon kiwo. Wata bakwai ke nan. Sunansa ya gagari bakin mutane, suka mai da shi Yunus. Larabci kuwa a wajen Falha, matar Miflih, ya koya, shi ya sa yake magana kamar tsohuwa. In akuya ta ɓata sai ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo ni 'yar nan!" Makiyaya su yi ta dariya har da faɗuwa.

Bana ba a yi ruwa ba. Rijiyar Miflih ta ƙafe. Kullum da asuba shi da Yanik su loda jarkoki a tsohuwar a-kori-kura, su yi tafiyar awa biyu su ɗebo, kuma bai isar awaki tamanin. Bakwai sun mutu. Rijiyar Suwailim kuwa ga ta nan bayan dutse, cike fal. Suwailim ɗan baffan Miflih ne. Amma shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar tseren raƙuma, Suwailim ya ce a bainar jama'a raƙumar Miflih tana gudu kamar akuya mai ciki. Miflih ya rantse ko ashana ba zai sake roƙonsa ba. Suna da jana'iza suna zuwa wa juna. Roƙo ne babu.

Ran nan aka yi wa Suwailim jika. Aka zauna, aka fara zagayawa da gahawa. Yanik na karɓar nasa wayarsa ta motsa a aljihu. Uwarsa ce daga Jamus. Ya ajiye finjalin gabansa don ya kashe ta.

Kowa ya zuba wa finjalin ido.

A wannan yanki ko ɗan yaye ya san baƙon da ya ajiye finjali bai sha ba, da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ce an ba shi. Miflih ya koya wa yaron nan tatsa, ya koya masa karɓar haihuwar akuya, ya koya masa gane sawun kerkeci. Wannan ɗayan ne ya manta, don bai taɓa zaton akwai ɗan Adam da bai sani ba.

Suwailim ya shafa gemu. Daɗi ya kama shi har kunnuwa.

"Allahu akbar! Baƙon Miflih ya ajiye finjali a tantina. Ku shaida, jama'a. Sha gahawarka, Yunus. Abin da ka zo nema an ba ka. Faɗi."

Yanik ya karkato. "Baffa, me na yi?"

"Ka kashe ni," in ji Miflih ta tsakanin haƙora. "Dole ka roƙi wani abu, kuma ba zai iya hana ka ba. Ka ce dabino. Ƙwaya uku."

"Kome na roƙa?"

"Dabino na ce, jaki."

Yanik ya dubi tafukan hannunsa, duk kanta saboda ɗaukar jarka. Ya gyara zama, ya dafe ƙirji yadda Falha take yi.

"Baffa Suwailim, ka dubi Allah ka dubi maraicina. Ruwan rijiyarka nake so wa awakinmu, har ruwan sama ya sauko."

Dariya ta ɓarke. Wani tsoho ya ce, "Wallahi muryar Falha ce, gashin baki kawai ta tsiro!"

"An ba ka," in ji Suwailim. "Su sha, su yi wanka. In akwai wata tsohuwar raƙuma mai ciki, ita ma ta zo."

Yanik ya shanye gahawar. Miflih ya ci naman sunan kamar mai tauna igiya.

Suka kama hanyar gida. Suna isa Miflih ya faɗa wa Falha ta haɗa wa Bature kayansa.

"Laifin me?"

"Ya zubar min da rantsuwa a gaban dangi."

"Kai ka roƙa?"

"A'a."

"Kai ka aike shi?"

"Dabino na ce ya roƙa."

"To rantsuwarka na nan daram, Alhaji. Kai ka yi ta, ba awaki ba. Tashi min daga kan buhun gari."

Miflih ya juya maganar a ransa, bai sami inda ta huje ba. Ya leƙa waje. Yanik ya riga ya buɗe shinge, yana gaba awaki na biye, yana kiran kowace da sunan da ya raɗa mata. Miflih ya bi su daga nesa, wai duba raƙumi zai je. Ya tsaya bayan dutse ya ga suna sha har cikinsu ya yi tulu. Ya dawo ta wata hanya.

Da yamma ya ce, "Yunus."

"Na'am, Baffa."

"Ba ka da hankali."

"Haka ne, Baffa."

"Kira uwarka. Tun ɗazu take nemanka."

Maganar kaya ba ta sake tashi ba.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, sai ga Suwailim da mutum shida, cikin manyan riguna. Miflih ya sa aka shimfiɗa darduma, Yanik ya zuba gahawa da hannun dama yadda aka koya masa. Suwailim ya karɓa, ya ɗaga finjalin kowa ya gani, ya dire shi a ƙasa.

Miflih ya dubi finjalin. Ya lissafa abin da ya mallaka: bindigar ubansa, raƙumi ɗaya, a-kori-kurar da ba ta tashi sai an tura. Ya ce a ransa Suwailim ya ɗauki duk wadda yake so.

"Faɗi tukuna," in ji shi.

"Haba, ɗan baffa, haka ake yi a gidanku? To shi ke nan. Yunus nake so. Saura wata biyar ya koma ƙasarsu, ya yi su a tantina. Tun ranar suna jikokina ba su da magana sai tasa. Kai kuma na ji kana cewa jaki ne."

"Jakina ne."

"In ka hana ni, gahawar nan za ta huce a ƙasa, kuma har birnin Ma'an sai an ji."

"A ji."

"Ni na ba da rijiya sukutum!"

"Ka bayar gaban mutum talatin, ba ta karɓuwa."

Yanik na tsaye riƙe da butar gahawa, yana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Daga bayan labule aka ji Falha tana ƙoƙarin danne dariya.

Suwailim ya nuna finjalin da sandarsa. "Miflih, na ƙarshe. In sha, ko in tashi?"

"Tashi," in ji Miflih. "Ba zan bayar ba."