Ƙaho a Gaban Rana

Tun daga Kano Zayyad yake mita, har suka wuce Gagarawa Tasha bakinsa bai huta ba. Hanya ta yi nisa, ƙasar a shimfiɗe kamar tabarma, babu dutse babu tudu, to me mutum zai ɗauka a nan? Habibullah yana tuƙi yana dariya, don shi duk abin da Zayyad ya faɗa abin dariya ne, tunda motar ta Zayyad ce, man da ke cikinta ma nasa ne. Abdurra'uf kuwa yana kujerar baya, jakar kyamararsa a cinya, sai haƙuri yake bayarwa, ka ce shi ya shimfiɗa ƙasar.

Shi ya jawo wa kansa tafiyar. Su ukun masu ɗaukar hoto ne, amma ba ɗaya suke ba. Zayyad yana da situdiyonsa, da manyan kyamarori, da ɗan jirgin nan mai ɗauko hoto daga sama da suke kira diron. Abdurra'uf ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar, yana bin gidajen biki da kyamarar da ya saya ta hannu. Wata rana ana hirar wuraren da suka isa a ɗauka, kowa yana cika baki, sai nasa bakin ya suɓuce ya ce duk ba su ga ruwa ba in ba su ga tafkin garinsu a ƙarshen damina ba. Zayyad ya ce, "To, Juma'a mu je mu gani."

Tafkin bai ba shi kunya ba. Da la'asar sakaliya suka isa, ruwa ya cika har gindin gabaruwa, bado ya rufe gefe ɗaya, balbelu sun yi fari fat a kan rassa. A yamma da ruwan akwai rugar Fulani. A gabas gonaki ne, ta farkonsu ta Baffa Sha'aibu, ƙanin mahaifin Abdurra'uf, wanda ya riƙe shi bayan uban ya rasu. An yanke riɗi an jingine shi tsaye dami-dami yana shan iska, kwanson har ya fara buɗe baki.

Zayyad ya leƙa ta kyamara, ya taɓe baki. "Ruwa dai ruwa ne, malam. Babu rai a ciki." Sai idonsa ya faɗa kan shanun da ke sha kusa da rugar, farare masu dogayen ƙahoni. "Yauwa, waɗancan nake so. Gobe da sassafe a kai min su wancan gefen, mu muna nan. Rana tana fitowa a bayansu, ƙaho a gabanta, inuwarsu a ruwa. In ba haka ba, mai kawai muka ƙona."

Wancan gefen kuwa shi ne gabas. Ko yaron goye a garin ya san dokar tafkin. Shekarun baya an yi faɗa a kansa har jini ya zuba, sai mai unguwa da arɗo suka raba shi, aka dafa Alƙur'ani: yamma ta shanu, gabas ta gona har sai an kwashe amfani. Rugar da shanunta suka taka gona kafin nan, ita da tafkin sai dai labari. Abdurra'uf ya buɗe baki zai yi bayani, Zayyad ya riga shi.

"Ba ka ce garinku ba ne? Ko a nan ɗin ma ba ka da ta cewa?"

Habibullah ya ƙyalƙyale da dariya. Wannan dariyar ce ta ɗauki Abdurra'uf ta kai shi ruga, ba hankalinsa ba.

Aminullahi, mai kiwon shanun, sa'ansa ne. A tafkin nan suka koyi iyo tare, suka sha dukan iyaye tare. Ya yi murnar ganinsa, ya sa aka kawo masa nono, amma da ya ji abin da ke tafe da shi sai ya daina murmushi.

"Ra'ufu, gabas ba tamu ba ce sai an kwashe riɗi. Ka fi ni sani."

"Wa ya ce ka shiga gona? Bakin ruwa kawai, kan yashin nan. Gonar ma ai ta gidanmu ce, kuma ni na ce ka zo. Kafin gari ya gama wayewa kun koma. Baƙi na kawo, Aminu, kada ka bari su raina ni."

Aminullahi ya dogara da sandarsa. "Ka gaya wa Baffan naka?"

"Zan gaya masa."

Bai gaya masa ba. Bayan magariba Baffa Sha'aibu ya sa an fito wa baƙi da tuwo, ya zauna gefe yana jan carbi, yana bin yagaggen wandon Habibullah da wani irin kallo. Sau nawa maganar tana zuwa bakin Abdurra'uf yana haɗiye ta da miya. Ya ce wa kansa abin da za a gama kafin kowa ya fito, mene ne na tayar da tsoho a kansa?

Da asuba suka kafa kyamarori a yamma. Gabas ta fara ja, ruwa ya kwanta luf, sai ga shanun sun zagayo a jere, Aminullahi a gaba yana yi musu magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Suka tsaya a kan siririn yashin da ke tsakanin ruwa da riɗi, suka sunkuya sha. Rana ta leƙo daidai bayansu. Gaskiya abin ya yi kyau, ko maƙiyi ba zai musa ba. Zayyad ma bakinsa ya mutu, sai ƙarar kyamara kake ji. Wani daɗi ya cika Abdurra'uf har ya ji ƙwalla, don yau dai ƙauyensu ya rufe bakin ɗan birni.

Amma mai kwaɗayi ba ya cewa ya isa. Zayyad ya buɗe akwati ya fito da diron.

"Oga, kada ka sauko da shi ƙasa," in ji Abdurra'uf. "Ba su san shi ba."

"Yau kuma kai za ka koya min aikina?"

Jirgin ya tashi da ƙugi kamar an taɓo gidan zuma, ya ƙetare ruwa. Wani babban bijimi ya ɗaga kai, kunnuwa a miƙe. Aminullahi ya ɗaga sanda yana kaɗawa, alamar a janye. Zayyad, idonsa a kan ɗan allon da ke hannunsa, cewa yake, "Kai, dubi ƙahon nan! Bari in ƙara matsawa." Ya sauko da shi har iskarsa ta kaɗa ruwan da ke gaban hancinsu.

Ruwa a gaba, abin tsoro a sama, ina saniya za ta nufa in ba baya ba? Bijimin ya juya, garken ya bi shi gaba ɗaya. Damin riɗi suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kofato yana bi ta kai, ƙwayar tana tsiyaya cikin yashi. Riɗin da ya zube a yashi kuwa rabon tururuwa ne. Aminullahi yana gudu yana ihu yana tarewa, amma wa zai tare garken da ya firgita?

Kafin ka ce kwabo, mutane sun fito daga gari da sanduna da fartanyu. Abdurra'uf ya zabura zai ruga, Zayyad ya damƙe masa hannu.

"Ka ji ni da kyau. Shanu ne suka firgita, shi ke nan. In ka ambaci jirgin nan, mutanen nan farfasa min mota za su yi."

"Kashe Aminu za su yi, Zayyad!"

"To ni na haife shi?"

Ya fizge hannunsa ya zagaya tafkin da gudu, laka tana cire masa takalmi. Ko da ya isa, Aminullahi yana durƙushe, hannu biyu a ka, jini yana bin tsakanin yatsunsa, wani saurayi yana ƙara ɗaga sanda. Abdurra'uf ya faɗa kan Aminullahi ya rufe shi, sandar ta sauka a kafaɗarsa, sannan aka lafa. Da ya ɗago ya hangi ƙetare, sai bayan mota ya gani tana tsalle a kan hanyar gona, ta nufi titin Gumel. Jakarsa suka ajiye masa a gindin gabaruwa, wai su masu amana.

Da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Mutanen gari a gefe guda suna huci, Fulani ƙalilan a ɗaya gefen. Mahaifin Aminullahi, tsoho tukuf, ya tsuguna da malafarsa a gwiwa. Aminullahi yana bayansa, an ɗaure masa kai da tsumma. Aka tambaye shi abin da ya kai shanunsa gabas, ya dubi ƙasa bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi sandar ɗazu yi wa Abdurra'uf ciwo, sai ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni na kira shi. Ya ƙi, na matsa masa, na ce na ɗauki nauyi. Kuma shanun nan ba su kalli gona ba sai da baƙona ya sauko musu da jirgi a ka. In hukunci ne, a kaina ya kamata ya faɗa."

Wuri ya kaure. Wani ya ce zaman Kano ya taɓa masa kai, wani ya ce munafuki ne, nonon ruga ya sha ya mance tuwon gidansu. Baffa Sha'aibu bai ɗaga murya ba. Ya bari hayaniyar ta kwanta, ya gyara zama.

"Mai unguwa, tambaya nake da ita, don ni jahili ne. Ranar da muka dafa Littafi, an ce shanu kada su taka gona sai dai in ɗan wana ne ya kira su?"

"Ba a ce ba, Malam Sha'aibu."

"To jirgi ne ya tattake min riɗi, ko kofato?"

Tsohon Bafillacen ya ɗago. "Malam Sha'aibu, mun yi ɓarna, ba mu musa ba. Ka shiga garke ka nuna wadda ranka yake so, ko biyu ne. A nan aka binne uwar yaran nan. Ina zan kai tsufana?"

"Ko akuya ba na so," in ji Baffa. "Abin da muka rantse a kai nake so."

Mai unguwa ya yi ta jujjuya maganar ko zai sami ƙofa, bai samu ba, don sanduna suna nan a hannun masu su. Daga ƙarshe ya ce ruga ta tashi kafin Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.

Abdurra'uf ya tari Aminullahi a bakin hanya. Ya tanadi maganganu da yawa, amma da suka haɗa ido duk suka gudu, sai "Aminu" kawai ya iya cewa. Aminullahi ya kama hannun tsohonsa, ya dubi Abdurra'uf kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Malam, matsa mu wuce."

Ya matsa. Ya rasa inda zai sauke baƙin cikinsa, sai ya bi Baffansa gona. Ya same shi tsaye a tsakiyar ɓarnar, hannu a baya. Ba riɗin yake kallo ba. Ƙetaren ruwa yake kallo, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin da takin shanu na shekara da shekaru.

"Baffa, ka ji tsoron Allah. Ka san ba laifinsa ba ne."

"Na sani mana. Ina gindin tsamiyar can tun da na fito masallaci. A kan idona suka zagayo."

Abdurra'uf ya matso kusa da shi. "Ka gan su? Me ya hana ka mayar da su tun ba su iso ba?"

"In mayar da su? Baƙinka suna aiki." Ya nuna yamma da haɓa. "Ka ga ƙasar can? Har bazara da danshinta. Albasa da tumatir, in aka kafa injin ban-ruwa, abin da za ta bayar a rani ɗaya riɗin nan ba zai ba da shi a damina uku ba. Na yi ta bin mai unguwa, kullum sai ya ce rantsuwa, rantsuwa. To ga rantsuwar ta yi aikinta."

Ya juyo, fuskarsa a sake, irin sakin da Abdurra'uf bai taɓa gani ba tun yana yaro. Ya ɗora masa hannu a kafaɗar da ta sha sanda.

"Na ɗauka riƙon da na yi maka asara ce, ashe ajiya na yi. In an zo rabo, naka yana nan, na bakin ruwa. Allah ya yi maka albarka."

A ƙetare, mata sun fara yaye ciyawar bukkoki suna tarawa gefe. Baffa Sha'aibu ya ɗan matsa kafaɗar.

"Ɗan nan, albarka na sa maka. Ban ji ka ce amin ba."