Kwamfutar da Ke Maimaita Saƙo

Babanmu, Malam Sharifuddeen, bai taɓa aiken mutum ya bar shi ya tafi haka nan ba. Sai ka kai bakin zaure ya kira ka: "Me na ce maka?" Dole ka maimaita. Yaya Wahabu ya tsani wannan ɗabi'a tun muna yara a Sokodé.

Bayan rasuwar Baba na kwashe karatunsa na tafsiri daga tsofaffin kaset zuwa disk guda. Kaset ɗin sun riga sun fara cin kansu, da ƙyar na ceto karatun shekara goma sha ɗaya. Yaya ya ce shi ne babba, ya tafi da disk ɗin zuwa garin Dapaong, inda yake da shagon zuba wa mutane karatu da waƙoƙi a katin waya. Na ce ya bar mini kwafi, ya ce sai ya samu lokaci. Shekara biyu ke nan.

Da azumi ya ƙarato masu son karatun Baba suka yi masa yawa, sai ya tuna yana da ƙanwa mai gyaran kwamfuta. Na rubuta masa ɗan fayil na batch, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi da kanta. Aikinsa ba wuya: ya tambayi kwamfuta wane harafi ta ba katin da aka soka, ya kama amsar da umarnin for /f mai karanta ta layi-layi, ya ajiye ta a mazubin da muke kira variyabul, ya share katin tas, ya zuba karatu. Amma kafin sharewa na sa ya nuna abin da ya kama, ya jira a danna maɓallin amincewa.

"Zulfa, cire mini wannan tambayar," in ji Yaya a waya. "Kiliya masu saye sun yi layi, na'ura kuma tana mini iyayi."

"Ba zan cire ba, Yaya."

"Kin gaji Baba a ɓata lokaci."

Na ce na gode. Na san aikina, kuma na san kwamfuta ba ta fi ɗan aike hankali ba.

Ranar kasuwa da hantsi ya sake kira, muryarsa a sama. "Abin naki ya lalace! Kart ɗin wayar yana E, shi kuma yana cewa zai share F."

"Mene ne a F?"

Ina jin ƙarar babura ta bayansa.

"Disk ɗin Baba," ya ce a hankali.

Nan take na gane kuskuren, kuma nawa ne. Da kati ɗaya kawai a soke na gwada. Idan amsa ta zo layi biyu, kowane layi yana ture wanda ya riga shi, na ƙarshe ne ke zama a mazubin. Ran nan Yaya ya soka disk ɗin bayan katin.

"Ɗauke hannunka daga kan tebur," na ce. "Rufe tagar fayil ɗin. Zare disk ɗin."

Ya yi. Na gyara fayil ɗin kafin azahar, na sa ya tsaya cak idan ya ga abin da ya wuce ɗaya. Sannan na kira shi.

"Yaya, kwafi biyu za ka yi yau. Ɗaya ka ba motar Sokodé gobe da safe."

"To."

Ban kashe waya ba, ina jiransa irin jiran Baba a zaure. Ya yi wata 'yar dariya.

"Kwafi biyu," in ji Yaya Wahabu. "Ɗaya a motar Sokodé, gobe da safe."