Hankicin da Dorcas Ta Ƙi Ɗauka

A gidan kaɗin ulu da aka zuba mu, mu fursunoni mata, can sama da garin Sidni a bakin kogi, ba a tambayar mace me ya kawo ta. Kowacce da abin da hannunta ya ɗauka a Ingila. Ni agwagi biyu ne, kuma har yau ina jin haushi, don ko romonsu ban sha ba. Ƙawata Dorcas Pell kuwa hankici ne.

Ta yi shekaru tana zare hankicin siliki daga aljihun masu hali a Landan, ba a taɓa kama ta ba. Ranar da dubunta ta cika, wani dattijo ne nasa ya faɗi a ƙofar coci, ta sunkuya ta tsinta, sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu. Ta rantse wa alƙali a ƙasa ta gani. Alƙali ya ce shekara bakwai a ƙetaren teku. Tun daga nan Dorcas ba ta ɗaukar abin da ba nata ba daga ƙasa. Ko allurarki ce ta faɗi, sai dai ta nuna miki da yatsan ƙafa ta wuce. Mun yi mata tsiya har mun gaji.

Mace ba ta barin gidan nan kafin wa'adinta sai da aikatau ko aure. In namiji ya gama nasa wa'adin ya samu ɗan fili, sai ya zo a jera masa mu a tsakar gida. Wadda ta yi masa, ya yar da hankici a gabanta. In ta ɗauka, an gama magana. In ta ƙi, ya sunkuya ya ɗau abinsa ya ƙara gaba.

Enoch Tranter ke kawo mana ulu a keken shanu. Rago ya sata a garinsu, aka turo shi nan aka damƙa masa garken tumaki guda, ya ce bai taɓa ganin hukunci irin wannan ba. Mutum ne mai kunya, in Dorcas na karɓar ulu sai kunnuwansa su yi ja. Ita ma, mai bakin da ba ya mutuwa, sai ta koma bebiya. Kowa ya gane.

Da muka ji zai zo neman mata, na tare ta a wajen wanki.

"Ke, in ya yar fa?"

"Ya yar mana."

"Za ki ɗauka?"

Ta ci gaba da matse zanen gado. "Keziah, ina son mutumin nan. Amma bayana ba ya sunkuyawa ga hankici. Ba taurin kai ba ne, jikina ne ke ƙi."

"To ki gaya wa jikin naki ya ci gaba da shan kunun masara har ya tsufa a nan."

Ranar ta zo, aka jera mu cikin rana. Enoch ya shigo da rigar aro da ta yi masa kaɗan. Bai dubi kowa ba, ya nufi Dorcas kai tsaye, ya saki farin hankici a gabanta.

Dorcas ta tsaya ƙiƙam. Ina kusa da ita, tausayinta ya kama ni.

Biddy 'yar ƙasar Ayalan, wadda ta gaji da gidan fiye da kowa, ta leƙo daga ɗaya gefen. "'Yar'uwa, in ba kya so ki matsa. Ni bayana lafiyarsa ƙalau."

Sai Dorcas ta ɗora ƙafa a kan hankicin. Mata suka kwashe da dariya.

Uwargidan da ke kula da mu ta ce, "Pell, takawa ba ɗauka ba ce. Ko ki ɗauka, ko ki ba shi abinsa."

Enoch dai bai san labarin ƙofar coci ba. Abin da ya gani shi ne an taka masa hankici a gaban jama'a. Ya durƙusa, ya ja shi a hankali, ita kuma ta ɗaga ƙafa. Ya miƙe ya kaɗe ƙurar, bai ko kalli Biddy ba, ya juya zai fita.

"Enoch," in ji Dorcas. "Naka ne?"

Ya tsaya. "Nawa ne."

"Saya ka yi?"

Wata ta ce daga baya, "Tambayi ɓarawon rago!" Aka sake dariya.

"Saya na yi, Allah ya sani," ya ce.

"To ka ba ni a hannu."

Ya dubi uwargidan, ya dubi hankicin. Sannan ya dawo ya sa mata shi a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai da nasa hannun mai kaushi.

Dorcas ta ɗaga shi sama, ta juyo gare mu. Muryarta ta fito siririya, ba irin wadda muka sani ba.

"Kun gani? Keziah, kin gani? Ranki ya daɗe, kin gani da idonki? Ba ni ya yi."

Babu wadda ta ƙara dariya. Duk cikinmu ba wadda ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ta waiwaya ta rasa mai shaidarta ba.

Uwargidan, wadda ba mu taɓa ganin ta sassauta doka ba, ta daɗe tana kallonta.

"Na gani," ta ce.

Biddy ta share hanci da bayan hannu. "Ni ma na gani," ta ce. Daga nan maganar ta bi layin, mace bayan mace, har ƙarshe.