Ranar da Noreen Ta Shiga Dunduniya

Maganar Clive Pettman ba ta ƙarewa a garin. Masunta na cewa duk gaɓar tekun Kent babu mai renon gangar giya kamarsa, ya san ranar da za ta kwanta, ya san ranar da za a huda ta. Matar da ke sayar da jarida a gefen shagonsa na cewa mutumin kirki ne, sai dai in ya ƙullace ka, ka nemi wani titin bi. Wani direban bas ya rantse Clive ya taɓa nuna masa ƙofa don kawai ya nemi giyar gwangwani.

Amma wadda ta fi zama a bakin mutane, yayarsa Noreen ce ta faɗe ta. Shekarun baya, ranar da majalisar gari ta zauna kan ba shi lasisi, ta miƙe a gaban jama'a ta ce ƙaninta bai taɓa fara abu ya gama ba, kuma wanda giya ta fi ruwa yawa a cikinsa ba a ba shi tsaron ganga. Aka dai ba shi lasisin. Ya mayar da shagon gyaran takalman mahaifinsu ƙaramar mashaya, ya raɗa mata suna Dunduniya. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Yanzu ga bikin Tamsin ya matso, ita kaɗai Noreen ta haifa, uban kuma ya rasu. Yarinyar ta kafe a kan kawunta ne zai riƙe hannunta ya shiga da ita coci. Clive ya ce ya ji, amma uwar amarya ta zo da ƙafarta ta faɗa masa.

Da yammacin wata Asabar, ana yayyafi, Noreen ta tura ƙofar.

Wurin bai kai falonta ba. Babu kanta, babu talabijin, babu kiɗa. Dogayen bencina ne manne da bango, kowa na kallon kowa kamar masu jiran likita. Ƙafafun katakon da Baba ke ɗora takalmi a kai an rataye su a rufi, wai ado. Tsofaffin wayoyin hannu an kafe su da ƙusa a jikin ƙofa, wai gargaɗi ga mai barin wayarsa ta yi ƙara. Ga allo an rubuta sunayen giya da alli, sunayen da ko kare ba za ta raɗa wa ba. Mutanen kuwa irin waɗanda ta zata ne, gemu da tumbi da rigunan ulu masu huji a gwiwar hannu. Wani yana ɗaga kofinsa wajen taga yana duba giyar kamar mai duba zinariya. Manya da su, jikoki gare su, sun taru suna shinshinar kofi.

"Matso nan, baiwar Allah," in ji wani tsoho mai ƙaton hanci, yana jan jiki. "Ni ne Len. Ba ma cizo, sai karen Bev, shi ma haƙoransa sun zube."

"Naka fa, guda nawa suka rage?" in ji Bev, matar da ke gefensa, mai jan gashi da kare kwance a ƙafarta.

Noreen ta share bencin da hankici kafin ta zauna. Bencin ya yi tsawo, ƙafafunta na lilo kamar na yarinya. Wannan ma ta ɗora wa Clive.

Can ya fito daga ɗakin sanyi, inda gangunan ke jere a bayan gilashi, da kofuna uku a hannu. Ya yi furfura, ya kuma yi kauri. Ya raba giyar ga masu ita ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba, sannan ya tsaya a gabanta.

"Yaya Noreen. Ɓatan hanya kika yi?"

"Magana zan yi da kai. Mu biyu."

"Sha za ki yi, ko ɗumama min benci?"

"Ba ni abin da mutane ke sha. Mai sanyi."

Ɗakin ya ɗauki wani irin gunaguni na jin daɗi. Len ya dafe ƙirji.

"Madam, a nan giya da ranta take. Ba a kashe ta da ƙanƙara."

"Allah ya ba ta lafiya," in ji Noreen.

Clive ya kawo mata ɗan kofin giyar tuffa. Ba kumfa, ba haske, launinta kamar ruwan da aka wanke tukunya. Ta kai hanci, ta ji warin turken doki. Ta kurɓa kaɗan, bakinta ya tattare.

"Ta lalace."

"Haka take," in ji Bev. "Daga gonar wani ɗan'uwan mijina. Da hannu yake matsewa."

"Ya wanke hannun?"

Len ya yi dariya har ya sarƙe. Clive ko murmushi bai yi ba.

"Clive, mu shiga ciki," ta ce a hankali, tana nuna ɗakin gangunan.

"Ba mai shiga nan sai ni. Zafin jikin mutum yana tayar musu da hankali."

"To mu fita waje."

"In bar mutane da ƙishi?"

Ta duba ko akwai lungu. Babu. A mashayar mutanen kirki akan sami teburi a kusurwa, kiɗa ya rufe maka asiri. Nan kuwa da gangan aka gina wurin don kada kowa ya yi zancen da ba na kowa ba. Kana buɗe baki, tsofaffi goma sun ajiye kofi sun miƙa kunne, kuma suna ganin hakan shi ne zumunci.

"Maganar bikin Tamsin ce," ta ce, ba ta buɗe haƙora ba.

"Af, Tamsin!" in ji Bev. "Yarinyar kirki. Ke ce uwarta? To ke ce wadda..." Sai ta sunkuya tana sosa kunnen kare.

Wato sun san ta. Wataƙila duk daren sanyi da ita suke ɗumi.

"Tana so ka shiga da ita coci," in ji Noreen. "Na zo, na faɗa. Shi ke nan?"

"Coci da tsawo," in ji Clive. "Daga ƙofa zuwa gaban limamin coci tafiya ce. Kada in fara in kasa gamawa."

Ya kwashe kofunan da aka shanye ya koma ciki.

Sai wayarta ta ɗau ƙara a jaka. Ɗakin gaba ɗaya ya kaure da ihu, ana buga tebur, wani yana kiran a kawo guduma da ƙusa. Ƙatti masu furfura suna tsalle a benci kamar an tashi 'yan firamare. Noreen ta sauko da ƙyar, ta fita, ta tsaya ƙarƙashin rumfar mai jarida.

"Mama, ya amince?" in ji Tamsin a wayar.

"Kawunki yana can yana jinyar ganga. Tamsin, wurin nan wari yake. Ga ƙanin babanki, mutum mai kamala, me ya sa ba..."

"Kawu Clive ne ya koya min keke. Shi ya zauna da ni a asibiti daren da Baba ya tafi, ke kina wajen likitoci. In ba shi ba, ni kaɗai zan shiga. Ba fushi nake ba, Mama, gaya miki nake."

Tamsin ta kashe wayar.

Noreen ta tsaya tana kallon ɗakin ta gilashin da ya yi raɓa. Clive ya fito da faranti, cuku da albasa mai tsami, yana zagayawa da shi. Ya tsaya wajen wani dattijo mai rawar hannu, ya riƙe masa kofin har ya kama da kyau, bai ko dube shi ba, kamar abin da ya saba yi kullum. Har yanzu wurin bai yi mata ba, kuma ba ta jin zai taɓa yi mata. Amma ƙofar nan kullum a buɗe take ganinta in ta wuce a mota ta kau da kai, rani da sanyi, shekara da shekaru. Ta tuna fuskarsa a zauren majalisa, sanye da kwat ɗin aro, yadda ya juyo yana murmushi da ya ga ta miƙe, don ya zaci goyon bayansa za ta yi.

Ta koma ciki. An ci gaba da gardama kan wata giya, wai ta bara ta fi ɗaci. Ta je kusa da Clive, ta rage murya.

"In abin da na faɗa a wancan lokaci ya ɓata maka rai..."

"Me ta ce?" in ji Len, ya kewaye kunne da tafin hannu. "Na hagun nan ya mutu tun ina jirgin ruwa."

"Rufe mana baki, Len," in ji Bev. Amma ita ma ta matso.

Clive ya ajiye farantin. Bai taimake ta ba, bai kuma tafi ba. Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, idonsa a ƙasa, kunnuwansa sun yi ja kamar lokacin da yake ƙarami in an yi masa faɗa.

Noreen ta dubi gemunan nan da tumbunan nan, ta dubi karen da ba haƙori. A gaban waɗannan! Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ɗaga murya daidai yadda ta ɗaga ta a majalisa.

"Clive, abin da na faɗa a kanka ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne lokacin da nake faɗa. Haushi nake ji Baba ya bar maka shagon bai bar min ba. Na ci mutuncinka a gaban mutane. Ka yi haƙuri, ƙanina. Ka yafe min."