Loma a Kirsimetin da Ba Tamu Ba

...kuma wai yau ce Kirsimeti, Emaye, uwata. Yau. Amurkawan nan sun hawo mana tudu da naman talotalo, mai dafa musu abinci fuska ta yi ja wur don sanyin Koriya, sai murmushi yake yana miƙo faranti. Wa zai gaya masa? Tamu Kirsimetin ta Habasha, Genna, saura kwana goma sha uku. Azumi muke, ba nama, ba mai, ba ƙwai.

Zewdu, ɗaya daga cikin sojojina, ya ce, "Saja, nasu Almasihun bakwaini ne? Ya riga namu da sati biyu." Ana dariya, 'yar kaɗan. Ni ko ƙarfin yin ta ba ni da shi.

Wondimu nake kallo. Shi ke ɗaukar mana babbar bindiga, gobe kuma za mu hau dutsen can. Jiya sau biyu yana durƙushewa cikin ƙanƙara... abincinsa wake da biskit kawai, wata guda cur. Na ce ci, ya ce ya yi wa uwarsa alkawarin riƙe azumi a tashar jirgin ƙasa. Na ce umarni ne, ya sara mini, bai ci ba. In ya faɗi gobe, mu tara ne a fili ba mai kare mu.

Ranar Genna a garinmu, ke kina yanka kaza gida goma sha biyu, hayaƙi, barkono har ido na ruwa, ni a bakin ƙofa da sandar wasa — ina sandar nan take yanzu? Yatsuna ba na jin su. Na gaji, Emaye. Na gaji da zama wanda ake zuba wa ido a ga me zai yi.

Abba, limaminmu, yana can baya. Da zai ce Allah ya yafe... ko ba zai ce ba?

To. Na yagi tsoka, na naɗe a burodi, na kai bakin Wondimu. Gursha. Loma daga hannun na gaba, wane ɗan Habasha ne zai kau da kai? Ya san na san haka. Yana taunawa yana kallona, hawaye na bin gemunsa. Na ce alhakin a wuyana, ba nasa ba.

Sai dai na manta — ba a karɓar gursha a ƙi ramawa. Ga hannunsa nan tafe da loma, maiƙo na bin yatsun. Ni ma fa na yi miki alkawari, kina riƙe da hannun rigata.

Ƙamshin nan, Emaye... bakina har ya riga ya buɗe.