Bas Ɗin Idwal Meredith

"Juyo da ni wajen taga, Gwenllian, bas ya kusa wucewa."

Ta ajiye kwanon romo ta tallafo shi. Idwal Meredith, wanda muryarsa ta taɓa cika zauren majalisa a Landan, yanzu bai fi ƙunshin wanki nauyi ba. Bango ɗaya ya raba gidajensu, kuma tun da ya faɗi zaɓe babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa sai ita.

Da aka rufe ramin kwal na garin, shi ya yi ta kai gwauro yana kai mari a majalisa har aka shimfiɗa hanya aka sa bas, don marasa aiki su riƙa zuwa masana'antun bakin teku su dawo da yamma. Tafiya kam sun yi, dawowar ce babu. Har da Emrys, ɗanta tilo.

"Mutum nawa a ciki?" ya tambaya.

"Cike yake maƙil, Mista Meredith," ta ce, alhali daga direba sai kwandasta.

Ya yi murmushi. "Maƙaryaciya. Da ke muka tsayar takara, da har yau kujerar tamu ce."

Kafin ruwan shayi ya tafasa, ya cika.

A wannan kwari ba a ɗora mamaci a mota. Kafaɗun maza huɗu ke hawa da shi tudu zuwa maƙabartar coci, mata kuma su tsaya a gida su saki labule. Gwenllian ta bi layin ƙofa-ƙofa tana neman kafaɗa.

"Ya kwashe mana samari a mota, yanzu kuma kafaɗa yake nema?" in ji tsoho Trefor, tari na sarƙe shi. "Ki aika majalisa su turo masa, Gwen."

Ta ce, "Ni ma ɗana ya ɗauke. Amma yaron yana cin abinci sau uku."

Ranar jana'iza Trefor ya zo cikin baƙar kwat ɗinsa ta Lahadi, shi da ƙanensa mai ɗingishi. Su biyu kacal. Suka tsaya gefen akwatin gawar a bakin ƙofa, yayyafi na sauka, fasto na ta duban ƙarshen layi. Gwenllian ta riƙe labule, tana tambayar kanta: mutumin da ya yi wa dubbai magana, a rasa masa kafaɗa biyu?

Sai ga bas ya kunno kai daga kwana. Ya rage gudu, ya tsaya. Direba ya sauko ya cusa hularsa a aljihu, kwandasta na biye. Suka kama akwatin ta baya.

Ta tsagar labule ta bi su da ido har suka sha kwanar tudu. A ƙasa bas na tsaye, ƙofa a buɗe, inji na kaɗawa a hankali, ruwa na gangara kan tagogin da babu kowa a bayansu.