Riya da Rijiya

Da Huda ta kawo mini katin gayyatar, ko karɓa ban yi ba, na ce ta ajiye a kan firji. Wai wata ƙungiya mai kula da ruwa da magudanai ce za ta karrama waɗanda suka yi wa Abijan hidima, a wani zaure a Treichville. Kuma har da sunan mahaifinta, mutumin da ya riga ya kwanta dama.

"Maman, a gaba za ki zauna," in ji ta. "C'est pour Papa, don Papa ne."

Na ce, "Tsakanina da ke wa ya fi sanin Papa ɗin?"

Huda ita ce autata, haihuwar nan Adjamé, tana aiki a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Hausarta irin ta 'ya'yan nan ce, ta ji rabi ta cike rabi da Faransanci. Taurin kai kuwa na ubanta ne tas, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Alhaji, mahaifin nata, ɗan kasuwa ne, kayan gyaran mota yake shigowa da su. Babu abin da ya haɗa shi da ruwa sai alwala. A harabar masallacinmu na unguwar Saint-Michel akwai tsohuwar rijiya, wadda in famfo ya ɗauke duk lungun ita ake bi, ƙabilun Jula da Baule da Mosi da mu. Wata damina kwatar bayan masallacin ta toshe da leda da bola, ta tumbatsa ta shiga rijiyar, yara suka yi ta ciwon ciki. Alhaji ya naɗe ƙafar wando ya bi kwatar nan sama don ya ga inda ta fito, sannan ya bi ta ƙasa har inda take faɗawa babbar magudanar Gourou ta gangara lagun, tafkin nan da ke haɗe da teku. Ya dawo da taɓo har gwiwa, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Zuwaira, ashe rijiyar tamu ba a nan take farawa ba."

Daga ranar bai sake hutawa ba. Ya ɗauki lebura suna yashe kwata kafin kowace damina. Ya bi masu gareji ɗaya bayan ɗaya da lallami har suka yarda su riƙa tara baƙin mai a durom maimakon tuttula shi a magudana. Ya sa aka dasa ciyawar jema a gangaren da ruwa yake zaizayewa. Duk wannan ta hannun limaminmu Malam Muhyiddeen yake bi. In an tambaya, sai Malam ya ce wani bawan Allah ne. Alhaji yana tsoron riya kamar yadda wasu ke tsoron maciji. Ya ce aikin da aka yi don mutane su gani su yaba, a nan duniya aka biya mai shi, kada ya je lahira yana jiran komai.

Wata rana Huda ta ɗauke shi hoto yana cikin kwata da takalmin roba, ta watsa a waya. Kwanaki ya yi bai ɗaga ido ya dube ta ba. Da ciwon ajali ya kama shi, ina zaune a gefen gado da kofin ruwa a hannuna ya yafito ta. Muryarsa ta riga ta shaƙe. Ya ce, "Huda, ki kiyayi riya." Ta ce, "To, Papa." Bai ƙara yi mata wata magana ba a duniya.

Ko arba'in ba a daɗe da yi ba yarinyar nan ta tara matasan unguwa, aka buga riguna da hotonsa a ƙirji, aka shiga rediyo, sunansa a bakin kowa. Aikin ya ci gaba, ban musa ba, har ya fi na da. Amma duk rigar da na gani sai in ji kamar an mari kabarinsa. Ban yi mata faɗa ba, don wanda bai ji maganar mai mutuwa ba, tawa zai ji? Na dai ja jikina. Muna gida ɗaya, gaisuwa kawai take haɗa mu.

Ranar bikin da safe ina tsakar gida ina tsince shinkafa, na riga na yanke ba za ni ba. Huda tana ɗaki gaban madubi tana bitar jawabinta. Faransanci ne zalla, ban kula ba, sai na ji ta juya harshe. A hankali take ja, kamar mai taka ƙaya.

"Maganarsa ta ƙarshe gare ni ita ce, Huda, ki kiyaye rijiya."

Ta maimaita, ta sake maimaitawa. Na ajiye faifan na leƙa na ce, "Me kika ce ya ce?"

"Ki kiyaye rijiya." Ta yi murmushi. "Wannan ɗin da Hausa zan faɗa, comme lui, kamar yadda ya yi. Na faɗa daidai, Maman?"

Ashe ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar nan ba ta san kalmar riya ba, ba ta taɓa jin ta ba, sai kunnenta ya ɗauki wadda ya sani. Duk shekarun nan da nake ganin ta take wasiyyar ubanta, ita a ranta cika ta take yi, da lafiyarta da hutunta da duk abin da take da shi. Tausayinta ya kama ni. Na ja mayafi na fita.

Na iske Malam Muhyiddeen a harabar masallaci yana shirin tafiya bikin shi ma. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Na ce, "Allah gafarta Malam, ladansa fa? In aka kira sunansa a lasifika ana tafi, bai zube ba?"

Ya ce, "Hajiya, mamaci ba ya riya. Da niyyarsa ya tafi, yabon da aka yi masa a baya ba ya rage masa komai." Ya dubi bakin rijiyar. "Sai dai maganar nan saƙo ce, kuma ba ta kai ga mai ita ba. Ke kaɗai kika ji ta daidai."

Na so ya ce in bar ta a haka. Bai ce ba.

Na koma na yi shiri. Huda ta yi ta murna a cikin tasi, ta riƙe hannuna, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Muna kan gada na buɗe baki, na dubi fuskarta, na rufe. Na juya ina kallon ruwan lagun da ledojin da ke yawo a gefensa har muka sauka wajen unguwar Arras a Treichville.

Na shiga zauren nan da niyyar raina kowa, na zaci taron masu son a sani ne. Sai aka kira wasu mata da suka shekara da shekaru suna kwashe shara a bakin lagun, hannayensu duk sun faffashe. Aka kira wani tsoho mai gadin dajin Banco, inda aka ce ruwan shan gari yake kwance a ƙarƙashinsa. Da aka miƙa masa allon yabo, sai ya ambaci abokan aikinsa da suka mutu, ya kasa ƙarasawa. Ban ga mai neman suna a cikinsu ba, mutane ne da suka gaji.

Saura mutum ɗaya a zo kan Alhaji. Huda ta fito da takardarta tana gyara ɗankwali. Na ga ba zan iya zama in bari ta tsaya gaban jama'a ta sa wa mamaci maganar da bai yi ba. Na kama gefen rigarta.

"Huda, ba rijiya ya ce ba. Riya ya ce. Ki kiyayi riya."

"C'est quoi, riya?"

Na ce, "Yin alheri don a gani."

Ta dube ni. Na ga tana lissafin hoton nan, da rigunan, da rediyon, da wannan zauren, ɗaya bayan ɗaya suna wucewa a idonta. A daidai lokacin lasifika ta kira Alhaji Babani, sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba.

Na zaci ba za ta iya tashi ba. Ta tashi. Ta bar takardar a kan kujera, ta hau, ta karɓi allon da hannu biyu, ta juya rubutun ta manna a ƙirjinta. Ta tsaya a gaban lasifikar, ta yi magana gajeriya da Faransanci. Abin da na tsinta shi ne, mahaifinta ba ya son tafi, wanda zai iya ya yi masa addu'a. Malam Muhyiddeen ya ɗaga hannu daga inda yake. Musulmi suka bi shi, Kiristoci suka sunkuyar da kai, tsohon nan na Banco ya cire hularsa. Babu wanda ya tafa.

Ta dawo ta zauna kusa da ni. Na shirya za ta tambaye ni me ya sa ban faɗa mata tun tuni ba, ko kuma ta ce duk wahalarta ta tashi a banza. Na ma tanadi amsar Malam zan ba ta. Ba ta tambayi ko ɗaya ba. Ta matso da kunnenta kusa da bakina kamar yadda ta yi a gefen gadon nan.

"Maman, ki sake faɗa mini," in ji ta. "A hankali, yadda ya faɗa. Ban ji shi ba a lokacin."

Na sunkuya, na faɗa mata.